Wan da aka tsallake: abin da John Cazale ya yi da Fredo

Tambaya ce ta zo daga wani matashi a Jidda: "Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke haɗa gajerun finafinai da waya. Daren Alhamis da na Juma'a mun kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mun kalli The Godfather na ɗaya da na biyu, wanda Larabawa ke ce wa Al-Arrab. Sai gardama ta kaure. Wani cikinmu ya ce wanda ya fito a Fredo ya fi kowa iya wasa, mu kuwa muka yi ta yi masa dariya, don ba mu ga komai ba sai wani rago mai kuka. Da gaske akwai abin gani a wasansa, ko dai son a ce an fi kowa gane fim ne? In akwai, ta ina ake ganewa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku koma ku ba abokin nan naku haƙuri. Ban ce lallai ya fi kowa ba, don fim ɗin da ya tara Marlon Brando da Al Pacino da Robert De Niro da Robert Duvall ba wurin gaggawar yanke hukunci ba ne. Amma dariyar da kuka yi masa ita ce babbar hujjarsa. Kun raina Fredo, ɗa na biyu ga ubangidan mafiyar da Brando ya fito a matsayinsa, har rainin ya tsallaka ya hau kan mutumin da ya fito a Fredo. Babu wanda ya kalli Brando ya ɗauka ubangidan mafiya na gaske aka ɗauko. Kowa ya san shiga ce, an sa masa abu a baki don kumatu su zubo, an tsufar da shi alhali bai kai hamsin ba. Da Fredo ya bayyana kuwa, sai zuciya ta ce ai wannan haka Allah ya yi shi, wani lusari kawai aka samo aka tsayar gaban kyamara. To, ba lusari ba ne. Ƙwararre ne ya zauna ya ƙera muku lusarin, gaɓa bayan gaɓa, har kuka kasa ganin ɗinkin.

Sunansa John Cazale. An haife shi a 1935 a jihar Massachusetts ta Amurka, kuma mutumin wasan daɓe ne kafin ya zama ɗan fim. Ya daɗe yana fama a ƙananan dandamalin New York, yana haɗawa da tuƙin tasi da aikin masinja. Shi da Pacino sun san juna tun suna masinjoji a kamfanin mai na Standard Oil, daga baya suka haɗu a wasan daɓe a 1968, inda kowannensu ya ci kyautar Obie ta ƙananan dandamalin New York. Bai shiga babban fim ba sai da ya haura shekara talatin da biyar. Finafinai biyar kacal ya yi: The Godfather a 1972, The Conversation da The Godfather na biyu a 1974, Dog Day Afternoon a 1975, sai The Deer Hunter a 1978. Duka biyar ɗin sun shiga takarar fim mafi kyau na shekara a Oscar, uku sun lashe. Shi kansa ko sau ɗaya ba a sa sunansa a takarar ba. Sankarar huhu ta yi ajalinsa a watan Maris na 1978 yana da shekara 42, kafin fim ɗinsa na ƙarshe ya fito. Sai da aka fara ɗaukar fitowarsa a wannan fim kafin ta kowa, saboda an san lokaci ya ƙure.

Abin da zai buɗe maka ido shi ne ka gane cewa iko ba a fuskar mai iko ake karanta shi ba. Ka tuna fada. Da a ce sarki zai shigo da rawani da alkyabba, fadawa kuwa su ci gaba da hirarsu ba wanda ya zube, da rawanin ya koma ƙyalle. Zubewar mutane ce ke gaya wa baƙo wane ne sarki. Haka yake a fim. Pacino ya zaɓi ya yi Michael, ƙanen Fredo da ya gaji ubansu, a daskare, magana ƙasa-ƙasa, fuska kamar an shafe ta da siminti. Irin wannan wasa yana da haɗari, don in babu wanda ke rawar jiki a gabansa sai ya koma kamar mutumin da barci bai ishe shi ba. Tsoron Michael da kuka ji, kaso mai yawa daga jikin Cazale kuka ɗebo shi, kuka kai ladan wurin Pacino.

A littafin Mario Puzo na 1969 Fredo gajere ne kakkaura. Darakta Francis Ford Coppola ya ɗauko siririn mutum mai faɗin goshi da zurmammun idanu, wanda kwat ke zama a jikinsa kamar ta aro. A zahiri ma Cazale ya girmi James Caan, wanda ya fito a wansa Sonny, da shekara biyar. Ka kalle su tare ka ga ko za ka yarda.

Fitowarsa ta farko da magana a wurin biki ce, ba ta kai minti guda ba. Ya zo a buge, ya cusa kai tsakanin Michael da budurwarsa Kay, ya matso kusa fiye da kima, ya rasa abin faɗa. Lura da yadda ya yi mayen. Ɗan koyo in an ce ya fito a mashayi sai ya hau tangaɗi da lanƙwasa harshe. Mashayi na gaske kuwa ƙoƙari yake ya nuna garau yake, ya miƙe tafiyarsa, ya fitar da kalma daidai. Wannan ƙoƙarin Cazale ya yi, kuma shi ne mabuɗin Fredo gaba ɗaya: mutum ne da kullum yake faman nuna wa duniya cewa shi ma an isa da shi.

Yanzu ka je wurin da aka harbi uban. Direban tsohon ya ce ba shi da lafiya, Fredo ne zai ja mota. Tsoho ya ce a jira shi ya sayi lemo. Mutum biyu suka taso masa, suka zuba masa harsashi biyar, kyamara daga sama tana nuna lemo na gangarawa a titi. Dubi hannun Fredo. Ya fito daga mota ya zaro ƙaramar bindiga, ta yi ta tsalle tsakanin tafukansa kamar ya ɗauki garwashi, ta suɓuce ta faɗi. A nan akwai tarko biyu. In ya yi abin a hankali, mai kallo zai ga da gangan aka yar. In ya ƙara masa gishiri, ya zama barkwanci, a yi dariya a daidai lokacin da ake so zuciya ta tsinke. Cazale ya bi ta tsakani, domin niyyar harbin yake wasa, hannun ne ya ci amanarsa. Bayan nan bai ruga ya rungumi uban ba, bai kira taimako ba, bai bi maharan ba. Ya sulale ya zauna a bakin titi, ya dafe kai, ya ɓarke da kiran babansa da muryar ɗan shekara biyar. Namiji mai shekara talatin da wani abu, a bainar jama'a. Yawancin 'yan wasa ba za su yarda a gan su haka ba. Za su nemi wata 'yar kafa ta ceton mutunci, ko da ɗaure fuska ne ko dunƙule hannu. Shi bai bar wa kansa ko ɗaya ba.

Sai Las Vegas, inda aka tura shi koyon harkar gidan caca. Mutumin da muka bari a bakin titi ya dawo da kwat ruwan ƙwai, baƙin tabarau, ƙyalle a wuya, ya tara makaɗa da 'yan mata don tarbar ƙanensa. Michael ya ce a sallame su. Ka kashe sauti ka kalli daƙiƙun da suka biyo baya. Murmushin bai faɗi gaba ɗaya ba, ya maƙale a fuska ya ƙi tafiya, sannan ya juya ya huce haushinsa a kan makaɗan, yana korarsu da tsawa. Wanda aka taka daga sama yakan nemi na ƙasa da shi ya taka. Da Moe Greene, mai gidan cacar, ya shigo, aka tayar da zancen cewa ya taɓa marin Fredo a gaban mutane, sai ga wanda aka mara yana kare wanda ya mare shi, yana dariyar yaƙe, yana cewa ai ba komai ba ne. Idonsa na kai-komo tsakanin mutanen biyu yana auna wanda ya fi ƙarfi. Ya juya wurin Tom Hagen, lauyan gidansu, ya nemi a kai maganar gaban tsoho, bai san an riga an miƙa wa Michael ragama ba. Shi kaɗai ne a ɗakin bai san da wa ake yi ba. Gargaɗin da Michael ya yi masa a ƙarshe, cewa kada ya sake goyon bayan bare a kan gida, kowa ya haddace shi. Nauyinsa kuwa daga shirun da Fredo ya yi ya fito.

A na biyu aka ba shi fili. Coppola ya sa wata 'yar fitowa a ɓangaren De Niro, mai fitowa a uban yana matashi, wadda mutane ke wucewa: jariri Fredo kwance da ciwon nimoniya, mata na yi masa ƙaho da kofin gilashi da wuta, irin busasshiyar hijamar da kuka sani, uban na leƙe daga gefe hankali a tashe. Tun a zanin goyo aka sa masa ido a matsayin mai rauni. Daga nan ka haɗa da bikin tafkin Tahoe na 1958, inda matarsa ta bugu tana tozarta shi a filin rawa, yaron Michael ya zo ya raɗa masa cewa in ba zai iya da ita ba shi an ce ya yi. Fredo ya ce gara ka yi. Kalmomi kaɗan, ya faɗe su ba tare da ya kalli mutumin ba.

Inda na fi so ka daɗe shi ne Havana, babban birnin Cuba. Fredo ya kawo akwatin dala miliyan biyu. Michael ya tambaye shi ko ya san Hyman Roth da yaronsa Johnny Ola, waɗanda Fredo ya yi hulɗa da su a ɓoye kafin a kai wa Michael hari a gidansa, ya ce bai taɓa ganinsu ba. Mu masu kallo mun san ƙarya ce, don mun ga Ola ya bugo masa waya da tsakar dare. Daga nan suka fita suka zauna su biyu a wani wurin shan abin sha a waje. Wannan zama shi ne wasa mafi wuya a fim ɗin, ko da yake babu ihu babu bindiga. Abu uku Cazale ke riƙe da su lokaci guda. Yana murnar ƙanensa ya zauna da shi kamar mutum. Yana jin tsoron kada a gano shi. Kuma yana son ya faɗi gaskiya ya huta. Ya ce mahaifiyarsu takan tsokane shi da cewa tsintarsa aka yi a bakin ƙofa, wani lokacin yakan ji kamar gaskiya ne. Ya fara cewa ya yi fushi da Michael, maganar ta zo bakin leɓe, sai ya janye, ya koma tambayar me ya sa ba su taɓa irin wannan zama ba a da. Ka tsayar da hoton a nan ka dubi hannunsa da kofin, da yadda yake kallon ƙanen ya kawar da kai. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma wannan fuskar labari uku take bayarwa, kuma ba wanda ya danne wani. Sannan Michael ya ba shi sirrin cewa Roth ba zai ga sabuwar shekara ba. An amince masa a ranar da ya san bai cancanta ba.

Baki shi ke yanka wuya. A daren, an gabatar da shi ga Ola sun yi kamar ba su san juna ba. Can a gidan rawa, giya ta ratsa, aka tambaye shi yadda ya san wurin, ya ce ai Johnny Ola ne ya kawo shi. In kwafin da kuka kalla na tashar talabijin ne, mai yiwuwa an datse wurin saboda rashin ɗa'ar abin da ake nunawa, kuma in an datse to an tafi da ƙashin bayan labarin. Abin lura shi ne yadda ya furta. Bai dakata ba, bai zaro ido ba, bai yi alamar wanda ya yi suɓutar baki ba. Cikin nishaɗi ya faɗa, yana alfaharin ya san gari, yana ma ƙarawa da bayani. Ɗan wasa ya karanta labarin, ya san wannan jimla ce za ta kashe shi, kuma jarabar ita ce ya ja layi a ƙarƙashinta don mai kallo ya lura. Da ya yi haka da ya sace wa Pacino fitowarsa, domin kyamara na kan Michael a baya yana rufe fuska da hannu. Fredo bai san abin da ya yi ba sai a tsakar daren shiga 1959, ana rungume-rungumen sabuwar shekara, mulkin Batista, shugaban Cuba, na rushewa, ƙanen ya damƙi kansa da hannu biyu ya sumbace shi ya ce ya san shi ne. Dubi yadda ya fizge jiki yana ja da baya. Ko da Michael ya kira shi daga mota a cikin rububin ya ce har yanzu ɗan'uwansa ne, kutsawa ya yi cikin taro ya ɓace.

Sai fitowar kujera, wadda a kanta ake koyar da ɗalibai. Ɗaki ne a bakin tafki, ƙanƙara a waje, haske kaɗan. Michael na tsaye. Fredo na kishingiɗe a wata doguwar kujera mai kwantar da mutum, wadda in ka shiga ba ka tashi sai da dabara. A wannan kujera ya yi maganar da ya shekara da shekaru yana haɗiyewa: a aiki Fredo ɗauko wani a filin jirgi, a ba Fredo wani ɗan gidan rawa ya lura da shi, shi ne wa amma aka tsallake shi. Michael ya ce haka baba ya so. Ya ce shi ba haka ya so ba, yana da wayo, ba dolo ba ne kamar yadda kowa ke faɗa, kuma yana son a girmama shi. Kai Bahaushe ba sai an yi maka dogon bayani ba. Mun ce babban wa magajin uba. Sonny ya mutu, bisa al'ada Fredo ke biye, sai aka ɗauki rawanin aka naɗa wa ƙane, aka bar wa yana karɓar umarni da kuɗin cefane daga hannun yaron da aka haifa a gabansa. Duk gidan sarauta ko gidan kasuwancin da aka taɓa yin haka an san irin ciwon.

Ga abin da ya yi da jikinsa. Duk lokacin da fushi ya taso sai ya yunƙura zai miƙe, kujerar ta mayar da shi. Wuya ya miƙe, jijiyoyi sun fito, hannaye na karkarwa a iska, amma ƙugu na nan a nutse. Muryar ta haura sama ta tsage a daidai kalmar da yake son ta fito da ƙarfi. Har jimlar da yake cewa yana da wayo ta harɗe masa a baki, ta fito a karkace, ta ƙaryata kanta. Da a tsaye ya yi wannan magana, ido cikin ido, da ta zama fito-na-fito tsakanin maza biyu, kuma da Fredo ya samu girman da yake nema ko na minti ɗaya ne. A kwance kuwa, kamar kunkurun da aka kifar, kana jin gaskiyarsa kana kuma ganin dalilin da ya sa uban ya tsallake shi. Da ya gama sai ya saki jiki, numfashi na fita da ƙyar, ya ba da bayanin da aka tambaye shi a sanyaye. Michael ya yanke shi daga 'yan'uwantaka, ya ce in zai zo gaida mahaifiyarsu a sanar da shi kwana guda kafin nan don kada su haɗu. Fredo bai ce komai ba sai sunan ƙanen, a gajarce, irin kiran yarinta.

Mu muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Fim ɗin gaba ɗaya a kan mutumin da ya yanke ne, kuma ba zai yi aiki ba sai mai kallo ya ji zafin yankan. Mutane nawa Michael ya sa aka kashe a na ɗaya kuna kallo kuna jin daɗin dabararsa? Kashe Fredo ne kaɗai ya sa aka daina ba shi uzuri. Dalili kuwa, Cazale bai taɓa barin cin amanar ta shafe ƙaunar ba. A zaman makokin uwar, yana zaune ya ɗago kai ya ga Michael, ya rungumo shi ta ƙugu ya ƙanƙame, yatsunsa na nutsewa a bayan kwat. Da dukan zuciyarsa ya yarda an yafe masa. Sama da kansa kuwa Michael na kallon Al Neri, mai yi masa aikin kisa, Neri ya sunkuyar da kai. Daga baya ga shi da ɗan Michael yana koya masa kamun kifi, yana ba shi labarin ranar da suka fita da uba da 'yan'uwa yana yaro, shi kaɗai ya kama, don duk jefa fatsa sai ya karanta addu'arsu ta Katolika ta gaida Maryamu. Nasara ɗaya tak da yake tunawa a rayuwarsa ke nan, kuma a nan ne kawai za ka ga kafaɗunsa sun sauka, muryarsa ta daidaita. Wannan addu'ar yake karantawa a kwale-kwale lokacin da aka ji ƙarar harbi daga nesa.

Batun rashin kyauta yana da dalilai da ba su da alaƙa da iyawa. Gurbi biyar ne a rukunin mataimakin jarumi, kuma 'yan wasa ne ke zaɓen 'yan'uwansu. A na ɗaya Pacino da Caan da Duvall suka cinye uku, fitowar Fredo kuwa kaɗan ce. A na biyu, inda ya kamata a gan shi, De Niro da Lee Strasberg da Michael V. Gazzo suka sake cinye uku, De Niro ya ɗauka. Strasberg babban malamin 'yan wasa ne da rabin masu zaɓen suka san darajarsa, Gazzo kuma rawarsa mai hayaniya ce da ke shiga ido. A ganina an yi kuskure a nan, don in ka cire Fredo daga na biyu babu abin da zai rage a ɓangaren Michael sai lissafin kasuwanci da zaman kwamitin majalisa. Ƙari a kan haka, mutane ba sa son tuna wanda ya yi kama da abin da suke tsoron zama. Kowane saurayi na son a ce masa Michael. Sunan Fredo kuwa har zagi ya koma a Amurka.

Ta ina ake ganewa? Da farko ku gyara yadda kuke kallo. Gordon Willis, mai ɗaukar hoton, da gangan ya cika fim ɗin da duhu, yana sauko da haske daga sama har idanu su faɗa cikin inuwa. A allon waya, ko a ɗakin da fitila ke kunne, rabin aikin fuskar Cazale ɓacewa yake. Ku nemi kwafin da aka gyara, na 2008 ko na 2022 da aka fitar don cika shekara hamsin. Ku bari sai bayan isha'i, ku kashe fitilu, ku sa talabijin a tsarin sinima, ku kashe abin nan da ke sulɓaɓa motsi ya mai da fim kamar wasan ƙwallo. Matsala ta biyu tarjamar Larabci ce da ke ƙasan allo. Ido na sauka ya karanta a daidai lokacin da mai magana ke magana, ya ɗago ya koma kan mai maganar, alhali aikin Cazale yawanci yana wurin wanda ake yi wa magana. Tunda kun riga kun san labarin, ku cire tarjamar. Ku zaɓi fitowa huɗu: harbin uba, Las Vegas, zaman Havana, da kujera. Kowace ku kalle ta sau uku. Na farko babu sauti, ido a kan hannaye da kafaɗu da inda yake kallo. Na biyu ku juya wa allo baya ku saurari murya kawai, inda take hawa, inda take tsagewa, inda numfashi ke yankewa. Na uku ku kalli Pacino kaɗai a inda yake ciki, kuna tambayar kanku me ya gani da ya sa ya yi abin da ya yi. Duka bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Tunda ku ma kuna ɗauka, ga inda ake faɗuwa. Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a nan Saudiyya a 2018, aka kuma fara bikin finafinai na Bahar Maliya a Jidda a 2021, samari da yawa sun shigo harkar, kuma kusan kowa jarumi ko bos yake son fitowa. Wanda aka ba rawar mai rauni yakan yi ɗayan biyu: ko ya yi ta da ƙyashi yana satar nuna shi ma gwarzo ne, ko ya rungumi raunin ya hau sunkuyar da kai da in'ina da hawaye tun fitowar farko. Na biyun ya fi yawa, kuma abin da ke kashe shi shi ne ya fara daga ƙarshe. Wanda ya shigo a karye ba shi da sauran abin karyewa. Kada darakta ya ce wa ɗan wasa "kai rago ne". Ya gaya masa abin da yake nema a wannan fitowa, misali yana son ƙanensa ya ce masa sannu da aiki, sannan a hana shi. Raunin zai fito da kansa. An san Cazale da yawan tambayar darakta kafin a ɗauka, kuma irin tambayoyin ke nan: me nake so a nan, wa nake tsoro, me na sani, me ban sani ba tukuna.

Sannan ku yi amfani da kayan ɗaki. Majalisin ƙasa irin na gidajenku ya isa: ku zaunar da wan a kan matashi mai laushi da ke nutsewa, ƙanen na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ku ajiye wayar a tsayin ƙirjin na tsayen. Ku ɗauki su biyun a hoto ɗaya kafin ku matso fuska. In kuna da waya biyu, ɗaya ta zauna a kan mai sauraro daga farko har ƙarshe, kuma kada a ce "kat" sai an ƙirga biyar bayan kalmar ƙarshe. Wurin tacewa za ku tarar abin da ya fi tsada yana cikin waɗannan daƙiƙu biyar.

In kuna son tabbatar da cewa ba halinsa ba ne, ku nemi Dog Day Afternoon na darakta Sidney Lumet. Ainihin ɗan fashin da aka gina rawar a kansa shekararsa 18, Cazale na dab da arba'in, amma Lumet ya ba shi. A can shi ne abin tsoro, shiru-shiru da bindiga a hannu, ba ka san lokacin da zai ɓalle ba. Da Pacino ya tambaye shi wace ƙasar waje yake son su gudu, ya ce Wyoming, wadda jiha ce a cikin Amurka. Amsar ba ta cikin rubutu, shi ya ƙirƙiro ta a wurin, kuma ya faɗe ta ba alamar wasa.

Kafin nan ku koma mintunan ƙarshe na na biyu, teburin cin abinci na ranar 7 ga Disamba 1941, ana jiran tsoho don bikin ranar haihuwarsa. Michael ya ce ya bar jami'a ya shiga soja. Sonny ya taso masa da faɗa, Tom na tambayar me ya sa bai yi shawara ba. Mutum ɗaya ne a teburin ya ce masa madalla, ya miƙo hannu zai gaisa da shi, Sonny ya doke hannun. Ku tsayar a nan ku ga inda Fredo ya kai hannun bayan an doke shi.